Shin masu ƙyamar baƙi za su iya karɓe mulki a Jamus?

"Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatun digiri na biyu a wata jami'a a jihar Thuringia ta Jamus. Lokacin da zai tafi na tambayi ƙanina da ya daɗe a can game da jam'iyyar nan AfD da nake ji a rediyo ana cewa ba ta son baƙi da Musulmi, sai ya ce in kwantar da hankalina, 'yan hayaniya ne kawai, ba inda za su je. To yanzu kuma na ji an ce su suka zo na ɗaya a jihar da yaron yake, a ƙasa baki ɗaya kuma na biyu. Don Allah mutanen da aka raina haka za su iya karɓar mulki da gaske? In sun karɓa, yaya za a yi da 'ya'yanmu?" Wata uwa daga Kano.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro sa'ar karatu, ya dawo miki da shi lafiya. Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko, ko ƙungiyar da ta faro daga gefe ana yi mata dariya za ta iya hawa kujerar mulki a ƙasa irin Jamus. Ta biyu, abin da hakan zai jawo wa baƙo. Ta farkon ce fannina, domin siyasar ƙasashen Turai nake koyarwa, na kuma yi zaman bincike a gabashin Jamus, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Za ta iya, kuma an taɓa yi, a Jamus ɗin ma. Sai dai ba ta hanyar da yawancinmu muke zato ba. Irin waɗannan jam'iyyu da wuya su tara rinjayen ƙuri'u su kaɗai. Kusan kullum wani ne daga cikin manyan jam'iyyu yake kama hannunsu ya shigar da su, yana ganin zai yi amfani da su ya yar. Saboda haka ni idan ina auna haɗarin, ina duban ƙuri'un AfD, amma na fi zuba ido a kan waɗanda ke riƙe da ƙofa.

Bari in fara faɗin irin siyasar da muke magana a kai, don kada a haɗa ta da wata. Siyasa ce mai raba al'umma gida biyu: 'yan ƙasa na gaskiya a gefe guda, manya maciya amana a ɗaya gefen. Mai yin ta yana cewa shi kaɗai ne bakin jama'a, duk wanda ya saɓa masa kuwa, alƙali ne ko ɗan jarida ko ɗan adawa, maƙiyin jama'a ne. A Turai ana ƙara mata kashi na uku, wato baƙo, wanda ake cewa manyan ne suka shigo da shi ya cinye rabon 'yan ƙasa. Na san Bakano in ya ji "talakawa da azzalumai" NEPU yake tunawa, amma kada ki haɗa su. Su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba faɗansu shi ne a shigo da wanda aka bari a waje, talaka da mace, a ba su ƙuri'a da bakin magana. Waɗannan kuwa faɗansu a fitar da wanda ya riga ya shigo.

Yadda suka faro

A 2013 aka kafa AfD, kuma ba don baƙi aka kafa ta ba. Wasu malaman tattalin arziki ne da 'yan boko masu ra'ayin mazan jiya, a ƙarƙashin Farfesa Bernd Lucke na Jami'ar Hamburg, suka fusata da yadda Jamus ke zuba kuɗi don ceto Girka da kuɗin Yuro. A zaɓen wannan shekarar suka sami kashi 4.7 cikin ɗari, ba su kai kashi 5 da doka ta gindaya kafin a shiga majalisar tarayya ba. Zuwa tsakiyar 2015 rikici ya raba su, an tunkuɗe Lucke, magoya baya sun watse. Wanda ya ce a lokacin ba inda za su je, da hujjarsa ya faɗa, don haka kada ki ga laifin ƙaninki.

Sai ga 'yan gudun hijira. A 2015 kaɗai kimanin mutum 890,000 suka shiga Jamus neman mafaka, da yawansu daga Siriya da Afganistan da Iraƙi, shugabar gwamnati Angela Merkel ta ce ƙasar za ta iya ɗauka. Ɗaya daga cikin jagororin AfD, Alexander Gauland, da bakinsa ya ce wannan rikici kyauta ce aka yi wa jam'iyyarsu. A 2016 suka rubuta a kundin manufofinsu cewa Musulunci ba na Jamus ba ne, suka nemi a hana hasumiyar masallaci da kiran salla. A 2017 suka shiga majalisa da kashi 12.6. A 2021 suka ɗan ja baya zuwa wajen kashi 10, aka sake cewa sun gama. Sai yaƙin Yukiren ya zo da tsadar gas da wuta da abinci, gwamnatin haɗakar jam'iyyun SPD da Greens da FDP ta yi ta faɗa da kanta a bainar jama'a har ta rushe a Nuwambar 2024, aka kuma kai wasu munanan hare-hare a Solingen da Magdeburg da Aschaffenburg waɗanda baƙi suka kai. A zaɓen Fabrairun 2025 AfD ta sami kashi 20.8 da kujeru 152 cikin 630.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan tarihin ba hawan adadin ba ne. Duk lokacin da aka yi rikicin shugabanci a cikinta, masu sassauci ne suke faɗuwa. Lucke ya fita a 2015, Frauke Petry da ta kayar da shi ta fita a 2017, Jörg Meuthen ya fita a 2022, kowannensu yana cewa jam'iyyar ta wuce gona da iri. A da masana sun ɗauka cewa jam'iyya in tana son girma dole ta sassauta. Ita wannan tana ƙara zafi tana ƙara girma. Shugabanta a jihar da ɗanki yake, Björn Höcke, kotu ta ci shi tara har sau biyu a 2024 saboda amfani da taken dakarun Nazi na zamanin Hitler a wurin taro, duk da haka a Satumbar wannan shekarar jam'iyyarsa ta zo na ɗaya a jihar da kashi 32.8.

Me ya sa a gabas suka fi ƙarfi, alhali can ne baƙi suka fi ƙaranci? Na taɓa zama da wani dattijo a wani ƙaramin gari, wanda ya yi aikin masana'anta zamanin Jamus ta Gabas. Ta taga ya nuna mini inda masana'antar take, yanzu fili ne ciyawa ta cinye. Ya yi mini lissafi da yatsu: an rufe reshen banki, likitan garin ya yi ritaya ba a kawo wani ba, motar haya jefi-jefi take zuwa, 'ya'yansa duk sun koma yamma. Ya ba ni gahawa, ya girmama ni, ni baƙar fata Musulmi, sannan ya ce AfD zai zaɓa. Na ce me baƙi suka yi maka? Ya ce bai san baƙo ko ɗaya ba sai ni, amma ya ga an sami kuɗin gina musu masauki nan da nan, alhali shekara da shekaru ana ce musu babu kuɗin gyara makaranta. Ban kawo wannan don in wanke kowa ba. A cikin masu zaɓensu akwai masu ƙin baƙar fata tsakani da Allah, kuma waɗanda ke zaɓensu don sun yarda da manufofinsu, ba don fushi da gwamnati kawai ba, sai ƙaruwa suke yi. Amma wanda bai ji abin da dattijon nan yake faɗa ba, ba zai gane inda ƙuri'un suke fitowa ba.

Abin da ya faru a 1933

Duk shekara nakan rubuta wa ɗalibaina lambobi huɗu a kan allo: 2.6, 18.3, 37.3, 33.1. Kason ƙuri'un jam'iyyar Hitler ke nan a 1928, da 1930, da Yulin 1932, da Nuwambar 1932. Sai in tambaye su bayan wanne ya hau mulki. Kusan duk ajin 37.3 suke nunawa. Amsar kuwa ta ƙarshen ce, bayan ya yi asarar ƙuri'u kusan miliyan biyu, aljihun jam'iyya ya bushe, manyanta sun fara rabuwa, jaridu sun fara cewa guguwar ta wuce.

To ta yaya? Franz von Papen, wanda aka sauke daga shugabancin gwamnati, yana son ya rama abin da Janar Kurt von Schleicher da ya gaje shi ya yi masa. Ba shi da jama'a, Hitler kuwa yana da su. Ranar 4 ga Janairun 1933 suka haɗu a asirce a gidan wani ɗan banki a birnin Kolon. Papen ya shawo kan shugaban ƙasa Hindenburg, tsoho ɗan shekara 85 da ya sha ƙin naɗa Hitler, cewa babu abin tsoro: za a ba shi kujerar, a kewaye shi da ministoci masu ra'ayin mazan jiya, Papen ya zama mataimakinsa. Ranar 30 ga Janairu aka rantsar da gwamnatin, 'yan Nazi uku ne kacal a cikinta. An ruwaito Papen yana gaya wa abokansa cewa ai hayarsa suka yi, nan da wata biyu za su matse shi a lungu.

Amma dubi kujerun da sauran biyun, ban da Hitler, suka karɓa. Wilhelm Frick ya ɗauki ma'aikatar cikin gida, Hermann Göring ya riƙe 'yan sandan Prussia, jihar da ta fi rabin ƙasar. Ranar 27 ga Fabrairu ginin majalisa ya kama da wuta, washegari aka jingine 'yancin jama'a da dokar ta-ɓaci. Ko a zaɓen Maris, da duka da kame da komai, kashi 43.9 suka samu. Ranar 23 ga Maris majalisa da kanta ta miƙa wa Hitler ikon yin doka, mutum 444 suka amince, 94 na SPD kaɗai suka ƙi, 'yan gurguzu kuwa suna tsare ko suna gudu. Zuwa 14 ga Yuli babu sauran wata jam'iyya sai tasu. Schleicher harbe shi aka yi a gidansa a Yunin 1934, aka kashe wasu na hannun daman Papen a wannan kamen.

Ba ina ce miki AfD ita ce jam'iyyar Hitler ba. Ba ta da dakaru dubu ɗaruruwa masu kaki a kan titi, babu marasa aiki miliyan shida kamar na 1932, Jamusawan yau kuma sun tashi ana karanta musu wannan tarihi a makaranta. Abin da nake so ki riƙe shi ne hanyar: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a 1933 daga ciki bangon ya tsage.

Ranar da aka gwada a Erfurt

Jihar da ɗanki yake tana da tarihi a wannan sha'ani. A can ne a 1930 aka fara ba ɗan Nazi kujerar minista, shi dai Frick ɗin, a gwamnatin haɗaka da masu ra'ayin mazan jiya. Shekara 90 bayan haka, ranar 5 ga Fabrairun 2020, majalisar jihar ta zauna a Erfurt don zaɓen firimiya. Bodo Ramelow na jam'iyyar Die Linke mai ra'ayin gurguzu ne a kan kujerar, amma ba shi da rinjaye. A zagaye na uku Thomas Kemmerich na FDP ya fito, jam'iyyar da da ƙyar ta tsallake kashi 5, mai kujeru biyar kacal. AfD ma ta tsayar da nata ɗan takara. Da aka ƙirga, Kemmerich 45, Ramelow 44, ɗan takarar AfD sifili. Ashe tarko suka ɗana: sun tsayar da nasu don rufa ido, suka juye ƙuri'unsu kaf a kan Kemmerich tare da na CDU, jam'iyyar Merkel, da na FDP. Aka tambaye shi ko ya karɓa, ya ce ya karɓa. Höcke ya taso ya miƙa masa hannu. Shugabar Die Linke ta jihar ta zo da furannin taya murna, maimakon ta ba shi sai ta jefar da su a gaban ƙafafunsa ta juya.

Kafin dare mutane sun fito tituna. Merkel tana ziyara a Afirka ta Kudu ta ce abin da aka yi ba shi da yafiya, dole a warware shi. Cikin kwana uku Kemmerich ya sauka, shugabar CDU ta ƙasa, Annegret Kramp-Karrenbauer, ta sanar za ta bar muƙaminta, a Maris Ramelow ya koma kujerarsa. Katangar da jam'iyyun Jamus suka gina, wato alkawarin cewa ba wanda zai yi mulki da AfD ko da taimakon ƙuri'unta, ta tsaya a ranar. Amma an ga yadda za a iya ƙetare ta cikin awa ɗaya. An sake gani ranar 29 ga Janairun 2025, lokacin da shugaban CDU Friedrich Merz, wanda daga baya ya zama shugaban gwamnati, ya gabatar da ƙudurin tsaurara shigar baƙi, ya wuce a majalisar tarayya da ƙuri'un AfD. Merkel ta fito ta soki shugaban jam'iyyarta a fili, dubun dubata suka yi zanga-zanga, bayan kwana biyu dokar da ya biyo da ita ta faɗi.

Iko ba sai da kujera ba

Akwai abin da tambayarki ta tsallake, kuma yana da muhimmanci. Jam'iyya tana iya juya ƙasa ba tare da ta karɓi mulki ba. Jam'iyyar UKIP ta Nigel Farage a Birtaniya kujera ɗaya tak ta samu a majalisa a 2015, amma tsoron da ta jefa wa 'yan Conservative shi ya sa David Cameron ya yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama, a 2016 ƙasar ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. A Jamus ma maganganun da a da AfD kaɗai ke yi game da iyaka da korar baƙi, yau ana jin su a bakin ministoci.

Sai kuma ikon hanawa. A zaɓen 2024 a Thuringia AfD ta sami kujeru 32 cikin 88, a Brandenburg 30 cikin 88. Wannan ya haura kashi ɗaya cikin uku, ma'ana duk abin da ke buƙatar kashi biyu cikin uku, kamar zaɓen alƙalan kotun tsarin mulki ta jiha ko gyaran tsarin mulkin, ba ya yiwuwa sai da yardarsu. Zaman farko na majalisar Thuringia a Satumbar 2024 ma bai kammalu ba. A lokacin al'ada ita ce ɗan majalisa mafi tsufa ya jagoranci zaman, ya kasance ɗan AfD ne, ya ƙi barin a kaɗa ƙuri'a a kan buƙatun sauran jam'iyyu, sai da kotun tsarin mulkin jihar ta tilasta shi. A ƙananan hukumomi kuwa sun riga sun fara riƙe ofis: a Yunin 2023 ɗan AfD ya zama shugaban gundumar Sonneberg, a jihar ɗanki.

Wurin da nake ganin za a iya samun gwamnatin AfD ita kaɗai shi ne wata jiha a gabas, kuma lissafi ne zai kawo ta. Ƙa'idar kashi 5 da aka yi don hana ƙananan masu tsattsauran ra'ayi shiga majalisa tana iya juyewa ta taimaki wanda ya riga ya girma, domin ƙuri'un jam'iyyun da suka faɗi ƙasa da ita zubewa suke yi, a raba kujeru tsakanin waɗanda suka tsallake. A 2025 FDP da BSW, sabuwar jam'iyyar da ta ɓalle daga Die Linke, duk ba su tsallake ba, shi ya sa CDU da ƙawarta CSU da SPD suka sami kujeru 328 cikin 630 da ƙuri'u kusan kashi 45 kawai. In hakan ta faru a jihar da AfD ta haura kashi 40, za ta iya samun rinjayen kujeru ba tare da kowa ba. Jiha kuwa a Jamus ba ƙaramin abu ba ce: ita ke riƙe da 'yan sanda, da makarantu, da jami'o'i, ita ke aiwatar da korar waɗanda aka hana zama.

A matakin tarayya abin ya fi wuya ƙwarai. Shugaban gwamnati majalisa ce ke zaɓensa, kuma ba a sauke shi sai an amince da wanda zai gaje shi. Akwai sassan tsarin mulki, kamar kare martabar ɗan Adam da tsarin tarayya, da ko kashi biyu cikin uku ba za su iya taɓawa ba. A Disambar 2024 majalisa ta saka tsarin kotun tsarin mulki ta tarayya da ke birnin Karlsruhe, alƙalai 16 masu wa'adin shekara 12, a cikin kundin tsarin mulkin kansa, saboda an ga abin da ya faru a Hangari da Folan, inda masu mulki suka fara da danne kotuna. Ban ga hanyar da AfD za ta bi ta kai ofishin shugaban gwamnati a Balin ba sai ta hannun CDU.

Magungunan da ake gwadawa

Wasu na cewa a shigo da su gwamnati a ba su aiki, jama'a za su ga ba su iya komai ba. Ostiriya ta gwada. A 2000 aka yi haɗaka da jam'iyyar FPÖ ta masu ƙyamar baƙi, mai kusan kashi 27, a 2002 ta faɗo zuwa kashi 10, aka ce magani ya ci. An sake shigar da ita a 2017, abin kunya ya fitar da ita a 2019. A 2024 ita ta zo na ɗaya da kusan kashi 29. A Italiya Silvio Berlusconi ne ya shigo da magadan 'yan fasist cikin gwamnati tun 1994, ya ba Giorgia Meloni minista a 2008. Jam'iyyarta kashi 2 ta samu a 2013, kashi 4 a 2018, kashi 26 a 2022, jam'iyyar Berlusconi ta koma wajen kashi 8 tana bin bayanta. Wanda ya ɗauke su haya yakan wayi gari shi ne ɗan hayar.

Wasu na cewa a kwaikwayi maganarsu don a ƙwace musu masu zaɓe. A ganina wannan ya fi kowanne lahani, domin yana tabbatar wa mai zaɓe cewa ashe gaskiya suke faɗa tun farko, to don me zai bar na asali ya bi mai kwaikwayo? Akan kawo misalin Denmak, inda jam'iyyar ma'aikata ta tsaurara dokar baƙi ta kuma ci zaɓe, amma can sun haɗa da kare fansho da walwalar talaka, abin da masu ambaton misalin suke mantawa. Wannan ba ya nufin a yi shiru a kan matsala. In wanda aka hana mafaka ya zauna shekaru ba a san matsayinsa ba har ya kashe mutane, gwamnati ta gaza, kuma baƙi masu bin doka su ne suke fara shan wahalar wannan gazawa.

Akwai kuma batun haramta jam'iyyar. Tsarin mulki ya yarda, kotun Karlsruhe ta taɓa haramta jam'iyyu biyu, a 1952 da 1956. A 2017 ta ƙi haramta NPD, jam'iyyar masu bin aƙidar Nazi, ta ce manufofinta sun saɓa wa tsarin mulki amma ta yi ƙanƙanta da ta zama barazana. Yanzu kuma masu adawa da haramta AfD cewa suke ta yi girma, ba a share mutum miliyan goma da hukuncin kotu. A Mayun 2025 hukumar leƙen asirin cikin gida ta ayyana ta a matsayin mai tsattsauran ra'ayi, jam'iyyar ta garzaya kotu. Ni ina ganin shari'ar haramci za ta ɗauki shekaru, in kuma aka faɗi, an wanke su ke nan a idon jama'a.

Saura katangar. Ina goyon bayanta, amma tana da tsada. Don a hana AfD, a Thuringia sai da CDU da SPD da BSW, waɗanda ba su da abin da ya haɗa su, suka kafa gwamnati mai kujeru 44 cikin 88. Irin wannan gwamnati tana wahalar yin aiki, in ta gaza kuma AfD ce kaɗai ke tsaye a waje tana cewa kun gani, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Katanga lokaci kawai take saya. In ba a yi amfani da lokacin an kai wa dattijon nan likita da motar haya ba, an sauke kuɗin hayar gida a birane, kowane zaɓe sai an ƙara yawan jam'iyyun da za su haɗu kafin su tare ta, wata rana kuma wasu a cikin CDU ta gabas za su ce sun gaji.

Game da yaron

Dokar zaman baƙi, har da ta zaman ɗalibai, ta tarayya ce, gwamnatin jiha ba ta da ikon soke takardar ɗalibi don ba ta son fatarsa, kuma kotuna suna aiki. Jamus na da Musulmi sama da miliyan biyar, asibitocinta da masana'antunta ba za su yi aiki ba tare da baƙi ba, har a gabas ɗin. Lokacin da aka fallasa a Janairun 2024 cewa wasu 'yan AfD sun halarci wani taro a Potsdam inda aka tattauna shirin korar baƙi da yawa, dubban ɗaruruwan Jamusawa ne suka cika tituna makonni a jere suna Allah wadai. Kada ki manta da waɗannan in kina lissafi.

Inda abin yake taɓa baƙo shi ne a rayuwar yau da kullum: ma'aikacin ofishin baƙi da ke da damar sassautawa ya ƙi, mai gida ya ga suna ya ce an riga an kama ɗakin, wani a jirgin ƙasa ya ji yanzu yana da bakin faɗin abin da a da yake haɗiyewa. Akwai kuma tashin hankali, ba zan ɓoye miki ba. A Hanau, a Fabrairun 2020, wani mai ƙyamar baƙi ya harbe mutum tara. Ba jam'iyya ce ta aike shi ba, amma irin waɗannan mutane suna samun ƙwarin gwiwa daga abin da suke ji a bakin 'yan siyasa. Biranen jami'a irin su Jena da Weimar sun fi ƙauyuka sauƙi sosai. Ki gaya masa ya riƙa sabunta takardunsa tun kafin wa'adi, ya ajiye kwafin komai, ya dage da koyon Jamusanci, ya san ofishin ɗalibai baƙi na jami'arsa da jama'ar masallacinsu, in wani abu ya same shi ya kai rahoto kada ya haɗiye. Ni ba lauya ba ne, duk abin da ya shafi takardar zama ya nemi masanin dokar baƙi a can.

Zaɓe kuma ba wanda ke da tabbacin yadda zai kaya, ni ma abin da ke gabana nake karantawa. Ranar da kika ji a rediyo an yi zaɓe a wata jihar gabas, ki saurari yawan kujeru, ba kason ƙuri'u kaɗai ba, ki ji jam'iyyu nawa suka tsallake kashi 5, sannan ki jira kwana biyu ki ji wanda shugabannin CDU na jihar suka ce za su zauna da shi. Ki gaishe mini da yaron, Allah ya tsare mana su.